Ina kan allurar gina jiki kuma jinina ya kai 158/98, wane magani zan sha?

Tambaya: Likita, shekarata 29, shekara shida ke nan ina ɗaga ƙarfe. Wannan ne zango na uku da nake yin allura: testosteron miligiram 500 a mako, da Deca, ga ƙwayar Dianabol da nake sha kullum. Ina cikin mako na bakwai. Kwanan nan ƙeyata tana yawan ciwo, na yi haɓo sau biyu wajen atisaye, da na je kemis aka gwada ni aka ga 158/98. Wani abokina ya ce in sayi telmisartan, wani ya ce Lasix ya fi saurin sauke ruwa. Gaskiya ban shirya dainawa yanzu ba. Wanne zan sha?

Amsa: Ƙanena, na ji daɗi da ka faɗi abin da kake sha ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Da yawa daga cikin abokan ɗaga ƙarfenka sukan zo gabanmu da ƙirji kamar ƙofar gari da bayan da ya cika da ƙuraje, mu tambaye su, su ce ƙwai da wake kawai suke ci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da bai san kana allura ba zai ɓata watanni yana neman sanadin da ke cikin aljihunka.

Ga gajeriyar amsa kafin doguwa. Lasix kada ka taɓa shi. Telmisartan maganin hawan jini ne na gaske, amma ba a fara shi da ka, sai an ga halin da ƙodarka take ciki, kuma a jikin baƙar fata sau da yawa ba ya wadatarwa shi kaɗai. Dianabol ka ajiye ta yau, ba gobe ba. Sannan dole in gaya maka abin da ba ka so ji ba: allurar ce take ɗaga jinin, kuma ƙwayar da za ta sauko da lambar ba ta hana allurar yi wa zuciyarka ɓarna. Zan yi maka bayanin duka, kuma ba zan kore ka ba don ka ce ba ka shirya dainawa ba.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan awo ya kai 180/120 ko ya wuce, kuma kana jin ciwon ƙirji, ko numfashi na yi maka wuya, ko ganinka ya dushe, ko bakinka ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ko ƙafa ya mutu, ko wani ciwon kai ya sare ka irin wanda ba ka taɓa ji ba, asibiti za a kai ka nan take. Kada wani ya sa maka ƙwayar nifedipine a ƙarƙashin harshe don jinin ya faɗi da sauri. Faɗuwar jini farat ɗaya tana iya jawo shanyewar ɓarin jikin da ake gudu. Haka kuma kada ka mai da ciwon ƙeya ma'auninka. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai, don haka ranar da kai ya daina ciwo ba ta nufin jinin ya sauka.

Abu na farko da zan so in sani shi ne girman maɗaurin da aka ɗaura maka a damtse a kemis ɗin. Wannan magana ce da ake rainawa, amma ga mai ƙwanji irinka tana iya sauya labarin gaba ɗaya. Maɗaurin da ke zuwa da yawancin na'urorin awo an yi shi ne don damtsen da bai wuce santimita 32 ba. Idan aka matsa ƙaramin maɗauri a babban damtse, na'urar tana ƙara lamba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada wannan a kan mutane kusan 200: waɗanda damtsensu ya wuce santimita 40, da aka auna su da maɗauri na kowa-da-kowa, lambar sama ta ƙaru da kusan 20. Kenan mai 138 na iya fita da 158. Ka samo tef ɗin tela, ka saki hannunka ba tare da murɗa ƙwanji ba, ka auna tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ka sayi na'urar da maɗaurinta ya dace da wannan lamba. Ta wuyan hannu ba ta kai ta damtse aminci ba.

Sai ka yi awo a gida kwana bakwai, safe da dare. Ka zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana, ba waya. Kada ka sha shayi mai ƙarfi, kofi, goro ko taba, kada kuma ka yi atisaye cikin rabin sa'ar da ta gabata. Awo biyu a kowane zama, minti ɗaya tsakani, ka rubuta a takarda. A watsar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran. A gida, 135/85 zuwa sama hawan jini ne. Na dare ya fi damuna, domin a Kofanhegan ta Denmark an ɗaura wa masu allura na'urar awo ta sa'a 24, aka ga jininsu ya fi na sauran 'yan motsa jiki hawa, har da cikin dare lokacin da ya kamata jijiyoyi su huta. Ban faɗi maganar maɗauri don ka samu hujjar kwantar da hankali ba. Da abin da ka lissafa kana sha, na fi zaton hawan na gaske ne, illa dai mu san iyakarsa.

Jikin namiji lafiyayye yana yin testosteron abin da bai wuce miligiram 10 a rana ba. Wanda likita ke yi wa allura saboda ƙarancinsa yakan samu kimanin 100 a mako. Kai kana zuba 500, ka ɗora Deca, ka ɗora Dianabol. Wani kaso na testosteron ɗin jiki yana juya shi zuwa sinadarin mata, shi kuma tare da sinadarin mazan da ya yi yawa suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa. Dianabol da wata ƙwayar gina jiki mai suna Anadrol sun yi ƙaurin suna a nan. Kilo uku ko huɗun da mutum ke gani sun hau sikeli cikin mako biyun farko yana murna, yawancinsu ruwa ne, shi ne kuma fuskar da ke kumbura. Bayan ruwa, allurar tana tunzura ɓargo ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini, PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin a cikin jini, ya hau, jini ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, zuciya ta riƙa tura shi da ƙyar. Jijiyoyin da ya kamata su riƙa miƙewa suna komawa a kowane bugu sai su fara sandarewa. Trenbolone, wani sinadarin gina jikin, wanda asalinsa shanun turka ake dasa wa a kunne a Amurka don su yi nama, ba ya tara ruwa sosai amma yana hana barci, yana sa gumi da saurin bugun zuciya, jinin ya hau ta wata ƙofar. Ga kuma wuya da ya yi kauri: idan wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya ce kana minshari har numfashinka yana ɗaukewa, wannan kaɗai yana ɗaga jini, kuma yana da nasa maganin.

A Holan an bi maza 100 masu allura tun kafin su fara zango har shekara guda, a binciken da ake kira HAARLEM. Matsakaicin hawan da aka gani kimanin 7 ne a lambar sama, 3 a ta ƙasa. Ka ga naka, idan ya tabbata, ya zarce wannan nesa. Ko dai jikinka na cikin masu saurin riƙe gishiri, ko kuma dama kana da hawan jini na gado a kwance allurar ta tashe shi. Ka tambayi gida: Baba ko Inna na shan maganin hawan jini? Akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko aka yi wa wankin ƙoda kafin ya kai hamsin? A binciken nan ne kuma aka kai kwalaben da mutanen suke amfani da su ɗakin gwaji, aka tarar kusan rabi ne kawai ke ɗauke da abin da aka rubuta a jikinsu. Wannan a Turai ke nan. Kwalbar da ta biyo ta hannu uku kafin ta iso jakar mai horar da kai, ba ni da dalilin amince mata fiye da haka.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka karanta sau biyu. A 2017 Dakta Aaron Baggish da abokan aikinsa a Boston suka ɗauki hoton zuciyar masu ɗaga ƙarfe 140, 86 daga cikinsu sun yi shekaru suna allura, 54 ba su taɓa ba. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. Waɗanda ba su taɓa allura ba matsakaicinsu kashi 63 cikin 100 ne, masu allura 52, waɗanda ke kan allurar a lokacin gwajin kuwa sun ƙara yin ƙasa da haka. An kuma ga daskararren kitse ya fi yawa a jijiyoyin zuciyarsu, kuma gwargwadon shekarun da mutum ya yi yana allura, gwargwadon yawan kitsen. A Denmark, inda ake shiga gidajen motsa jiki ana gwada fitsarin mutane, an bi maza 545 da aka kama da sinadarin, aka ga mace-mace a cikinsu ya ninka na tsararrakinsu sau uku. Zuciya tsoka ce, tana da makaman karɓar sinadarin nan kamar yadda ƙwanjinka yake da su. Tana kauri ta sandare ko da an daidaita hawan jini. Shi ya sa nake jin tsoron saurayin da ya sayi telmisartan, ya ga 125/80, ya ce ai na gano bakin zaren, ya ƙara allura. Ya kashe ƙararrawa ne, wutar tana nan tana ci. Abin farin cikin shi ne, a binciken Holan ɗin, canjin da zuciya ta yi a zango guda ya koma daidai bayan watanni da dainawa. Wanda ya tsaya da wuri yana da rabo babba. Kai zango na uku kake, ƙofar ba ta rufe ba tukuna.

Idan ka zo wurina, shawarata ta farko ita ce a tsayar da zangon nan gaba ɗaya. Idan ka ƙi, to aƙalla ƙwayar baki ta tafi. Dianabol ba ta daɗewa a jini, cikin kwanaki kaɗan za ka ga kumburi ya fara saɓewa, ga hantarka ta huta, ga kolestarol mai amfani wanda ƙwayoyin baki suka fi komai rusawa ya fara farfaɗowa. Deca tana ɗaukar makonni kafin ta fita, don haka kada ka yi tsammanin canji a kwana biyu. Kada kuma ka bi masu cewa a sha anastrozole, ƙwayar rage sinadarin mata, don a busar da ruwa. Ba maganin hawan jini ba ne, kuma idan ya kashe sinadarin mata ƙurmus sai gaɓoɓi su kama ciwo, sha'awa ta mutu, kolestarol ya ƙara lalacewa.

Sai ka juye jakar atisayenka a ƙasa ka duba me ke ciki. Garin da ake kaɗawa a sha kafin atisaye, da lemon ƙara kuzari gwangwani biyu ko uku, da goro a kai, duk sinadarin kafeyin ne ake tarawa. Clenbuterol da ephedrine na ƙona kitse suna zaburar da zuciya kai tsaye. Diclofenac da ibuprofen da kuke haɗiya saboda ciwon kafaɗa da gwiwa suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna cin ƙoda. Akwai kuma rikicin suna da nake yawan gani: dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake cusawa a haɗin ƙiba irin su sha-ka-fashe, su ma sitiroid ake ce musu kamar allurar gina jikinka, amma ba sa gina tsoka, cinye ta suke yi, su kumbura fuska, su ɗaga jini da suga. Idan akwai su a haɗinka kuma ka daɗe kana sha, kada ka yanke su rana ɗaya, a hankali likita ke janye su.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Mai neman ƙarin nauyi yana cin abincin mutum biyu, don haka yana cin gishirin mutum biyu ko da bai barbaɗa ko ƙwaya ba. Dunƙulen miya, garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar Indomie, yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani, burodi, nan yake. Kanwa ma da ake jefawa a wake da miyar kuɓewa dangin gishiri ce. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa, an gwada an gani, amma ba zai sauko da 158 shi kaɗai ba.

Kafin a rubuta maka ƙwaya ko ɗaya, ina son ganin PCV, gwajin ƙoda tare da sinadarin potasiyam, fitsari don a duba ko furotin na zuba, kolestarol, hanta, suga, da gwajin bugun zuciya na ECG. Idan da hali a ɗauki hoton zuciya na eko, a wurinka ya cancanci kuɗinsa. Gwajin ƙoda na kullum, wato creatinine, yakan fito sama a jikin mai tsoka da yawa ko mai shan garin ƙara ƙarfin tsoka na creatine ko da ƙodar lafiya lau take, don haka inda ake yin ɗaya gwajin ƙodar mai suna cystatin C ya fi faɗin gaskiya. Amma furotin a fitsari ba a yi masa uzuri. A 2010 likitocin Jami'ar Columbia a New York sun ba da rahoton 'yan gina jiki 10 masu allura da ƙodarsu ta sami matsala, 9 daga cikinsu matatun ƙodar sun yi tabo, alamar da ta fara tona asirin kuwa ita ce furotin a fitsari.

To wane magani? Abokinka ya ji sunan telmisartan ne daga Turawan da ke harkar, kuma ba su yi ƙarya ba: yana toshe hanyar da sinadarin maza ke bi ya matse jijiya, yana kare ƙoda, yana taimaka wa zuciyar da ta yi kauri, ba ya rage ƙarfin atisaye, yana kai sa'a 24 yana aiki. Sai dai an daɗe da sanin cewa dangin telmisartan da na lisinopril ba sa sauke jinin baƙar fata sosai idan aka ba da su su kaɗai. Muna ma da hujja daga gida. A 2019 aka buga sakamakon gwajin CREOLE wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka har da Najeriya. Haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi sauke jini. Saboda haka ga matashi irinka, idan awon gida ya tabbatar da lambar, abin da na fi karkata gare shi shi ne amlodipine tare da telmisartan ko losartan, a fara da kaɗan, a sake duba ƙoda da potasiyam bayan mako ɗaya zuwa biyu. Amlodipine na iya kumbura idon sawu, haɗa shi da telmisartan yana rage hakan. Na fi son telmisartan a kan lisinopril domin lisinopril yana sa busasshen tari, kuma kumburin leɓe da harshe mai haɗari da yake jawowa ya fi samun baƙar fata. Ba a haɗa telmisartan da lisinopril. Wanda ke kan telmisartan ba ya shan ƙarin potasiyam, ba ya haɗa shi da diclofenac, kuma ranar da amai ko gudawa suka kama shi yana dakatar da shi ya nemi likita. Idan kana azumi, a tsara lokacin shan da kai, kada ka ɗaga ƙarfe mai nauyi da la'asar cikin zafin bazara da busasshen maƙogwaro. Mace mai ciki kuma ba ta shan sa ko kusa, kada a ga ya yi maka aiki a miƙa wa uwargida.

Atenolol da propranolol, magungunan hawan jini masu rage saurin bugun zuciya, suna sa kasala da saurin gajiya wajen atisaye, ba su ne na farko ba. Idan bugun zuciya ya yi yawa ko hoton eko ya nuna rauni, akwai irin su nebivolol, bisoprolol da carvedilol, kuma wannan hukuncin likitan zuciya ne. Spironolactone, shi ma maganin hawan jini ne, amma yana iya ƙara fito maka da nonon da dama allura ke barazanar fitarwa.

Lasix ba maganin hawan jini na yau da kullum ba ne ga mai lafiyayyar ƙoda. Aikinsa sa'o'i kaɗan ne, yana kwashe ruwa tare da potasiyam da magnesiyam, jinin da dama ya yi kauri ya ƙara kauri. Ka haɗa wannan da gumin atisaye da zafinmu, ka sami murɗewar tsoka, rikicewar bugun zuciya, da ƙodar da ta tsaya cak. Mohammed Benaziza, ɗan asalin Aljeriya, yana cikin fitattun 'yan gina jiki na duniya lokacin da ya mutu a Holan a 1992, sa'o'i bayan ya ci gasa, kuma an danganta mutuwarsa da bushewar jiki da magungunan fitsari. Ko magungunan fitsari masu sauƙi da muke ba sauran masu hawan jini, irin su indapamide da hydrochlorothiazide, ina jinkirta su ga wanda PCV ɗinsa ya hau. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta su ga mai shiga gasa.

Idan PCV ya wuce 54, ko wanda likita ke yi wa allurar don magani ana dakatar da shi. Na san a gidajen ƙarfe ana cewa a je a ba da leda ɗaya ta jini a dawo a ci gaba. Ɗiban jini yana sauke lambar na ɗan lokaci, amma muddin allura na shiga ɓargo zai mayar, kuma yawan ɗiba yana ƙarar da sinadarin ƙarfe na jiki mutum ya koma kullum a gajiye. Ba daidai ba ne kuma ka ɓoye wa ma'aikatan bankin jini cewa kana allura, jinin nan jikin mai haihuwa ko yaro mai sikila zai shiga. Idan ana buƙatar ɗiba, a yi shi a asibiti da sunan magani.

Game da atisaye, ban ce ka daina ba, amma ka sauke nauyi har jinin ya daidaita. A 1985 a Jami'ar McMaster ta Kanada an sa wa 'yan gina jiki ma'auni a cikin jijiya suna tura ƙarfe da ƙafafu biyu. Matsakaicin ƙololuwar da aka gani 320/250 ne, mutum ɗaya ya kai 480/350. Lafiyayyar jijiya tana jure wannan na daƙiƙu kaɗan. Wadda ta kwana a 158 ta sandare, ita ce ake tsoro. Ka bar gwada iyakar ƙarfinka da ɗagawa ɗaya, ka rage ƙarfe ka ƙara yawan ɗagawa, ka fitar da numfashi lokacin turawa maimakon riƙe shi. Ranar da awon safe ya kai 180/110 ba a taɓa ƙarfe. Ka ƙara tafiya mai sauri, keke ko iyo, minti 30 sau biyar a mako. Ba zai cinye maka tsoka ba, duk da abin da ake faɗa.

Na san dalilin da ya sa dainawa ke ba ka tsoro. Allura ta kwantar da masana'antar jikinka, idan ka tsaya za ka yi makonni ko watanni cikin kasala, sha'awa ta ragu, ƙwanji ya saɓe, wasu har baƙin ciki mai tsanani ya rufe su, sai su koma wa allurar don su tsira daga wannan. Ana iya ratsa lokacin nan da taimakon likitan da ya san harkar sinadaran jiki, kuma idan tunanin cutar da kanka ya zo maka, a ranar za ka faɗa wa wani. Idan kana da niyyar aure ko haihuwa, ka sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron miligiram 200 a mako a matsayin maganin hana maza haihuwa, kuma ya yi aiki a jikin mafi yawansu. Kai kana kan ninki biyu da rabi na wannan.

Yau ka ajiye Dianabol, a cikin makon nan kuma ka sayi na'ura mai maɗaurin da ya dace, ka fara rubuta awo. Kada ka jira kwana bakwai su cika kafin ka je a ɗebi jinin gwaji. Ranar ganin likita ka tafi da takardar awon, da sakamakon gwaji, da kowace kwalba da kowane sachet da kake sha a cikin leda ɗaya, ka zube su a kan tebur. Bayan ka daina allura da wata uku a sake auna komai. Idan jinin ya koma daidai, a janye maganin a hankali. Idan bai koma ba, hawan jinin naka ne na kanka, za a ci gaba da kula da shi kamar na kowa.